An Karanta Masa, Ya Amince

Shekara arba'in da ɗaya Östen Rönnkvist ya yi yana gyaran injina a masana'antar takarda ta Tjärnbruk, a arewacin Sweden, kuma ba a sami mutum ɗaya da zai ce ya taɓa jin ashar daga bakinsa ba. Ranar da ƙarfe ya datse masa kan ɗan yatsa, abin da ya ce kawai shi ne, "Kai, wannan bai yi daɗi ba." Daga ranar abokan aiki suka laƙaba masa Fasto, sunan kuma ya bi shi har bayan ritaya.

Ba wa'azi yake yi ba, coci ma sai jana'iza ke kai shi. Tarbiyyar uwa ce. Yana ɗan shekara shida ya ji direban motar katako ya ɗura wa wani zagi, ya zo gida ya maimaita don a gaya masa ma'anarsa. Uwarsa ba ta doke shi ba. Ta ja shi bakin famfo, ta wanke masa baki da koren sabulun goge daɓe, sannan ta ce, "Wanda ya ɗauko ƙazantar wani a bakinsa, shi da mai ita ɗaya ne." Shekara sittin da biyar ke nan, amma har yau in ya ji warin sabulun nan sai yawu ya taru masa a baki.

Bayan rasuwar matarsa Majvor, abin da ya rage masa shi ne lambu. A bayan tashar jirgin ƙasa akwai filin da aka yanka gida-gida, kowa da ɗan lambunsa da ɗan ɗakin katakon ajiye kaya. Na Östen shi ne lamba ashirin da uku. Na ashirin da huɗu kuwa na Tesfalem Ghebrehiwet ne, direban bas ɗin cikin gari, wanda ya zo daga Eritriya tun yana saurayi, ya yi furfura a Tjärnbruk. Shekara goma sha ɗaya sunansa ya yi a layin jira kafin a ba shi lambun, kamar yadda kowa yake jira. Shingen da ya raba su bai kai gwiwa ba.

Östen dankali yake shukawa, sai albasa. Tesfalem kuwa ya rantse sai ya yi barkono a ƙasar da rani ba ya wuce wata uku, ya kafa masa rumfar leda yana lallaɓa shi kamar jinjiri. Ƙarfe uku na yamma suke ajiye aiki su sha gahawa, yau na wannan, gobe na wancan. Tesfalem Fasto yake kiransa, shi kuma Östen yana ce masa Farfesa.

"Fasto, don Allah wannan ruwan wankin tukunya kake kira gahawa?"

"Sha ka yi shiru, Farfesa. Naka na jiya har yanzu idona bai rufu ba."

"Ai shi ya sa ka cire ciyawa layi biyu yau. Ka gode mini."

"Barkonon naka fa? Na ga ɗaya ya fito, ko in kira 'yan jarida?"

"Ka jira. Ranar da ka ɗanɗana shi, ranar za ka yi zagin farko a rayuwarka."

Östen ne kaɗai a lambun ya san zancen fayil ɗin Tesfalem. Wani ƙaton fayil ne shuɗi, a ciki akwai duk takardar da ƙasar nan ta taɓa rubuta masa: izinin zama, shaidar zama ɗan ƙasa, lasin tuƙin bas, har wasiƙar ƙungiyar lambu da ta ce layi ya zo kansa. A can gida Eritriya sojoji sun tafi da ƙanensa wata safiya, ba takarda, ba suna a ko'ina, har uwarsu ta mutu tana tambaya. Don haka yakan buga tafin hannu a kan fayil ɗin ya ce, "Nan ƙasar sanyi gare ta, mutanenta ba sa gaisuwa, abincinta ba gishiri. Amma in abu ya faru, rubutawa suke yi. Saboda wannan na zauna."

Abin ya faru ne wata Lahadi cikin Agusta, wajen ƙarfe biyu na rana. Östen yana tsugune cikin dankalinsa, wani mutum ya turo ƙofar filin ya shigo. Sunansa Ronny, shekararsa talatin da takwas, shi ma sunansa na cikin layin jira tun shekara shida baya. Bai ga Östen ba. Ya tsaya a kan Tesfalem, wanda ke ban-ruwa, ya fara magana. Tsakaninsu da Östen taku tara ne, daga baya an auna. Duk abin da aka faɗa ya shiga kunnensa. Kafin ya miƙe da gwiwoyinsa na tsufa, mutumin ya ɗauki shebur ɗin Tesfalem ya sauke masa a gefen kai, sau biyu. Östen ya yi ihu. Mutumin ya ajiye shebur ɗin, ya fita yana tafiyarsa, ko gudu bai yi ba.

Motar asibiti ta tafi da Tesfalem. 'Yan sanda biyu suka zo, ɗaya mace ce mai suna Ylva, wadda ba ta fi sa'ar jikarsa ba. Ta zaunar da shi a bencin da suke shan gahawa, ta kawo masa ruwa, ta yi masa tambayoyi cikin natsuwa. Ya faɗi launin rigar mutumin, da tsayinsa, da hannun da ya riƙe shebur, da inda yake zaune a gari. Bai yi kuskure ko ɗaya ba.

"Ya faɗi wani abu kafin ya doke shi?"

"Ya faɗa."

"Me ya ce, Östen?"

Ya dubi fuskarta, ya dubi jinin da ke kan ganyen barkono. Kalmomin na nan a maƙogwaronsa, ɗaya bayan ɗaya, yadda aka furta su. Sai yawu ya taru masa a baki.

"Maganganu marasa daɗi," in ji shi. "Yana ta zancen layin jira."

Ta rubuta. A nan ba a ɗaukar muryar mai shaida a irin wannan tambaya, taƙaitawa ake yi a rubuce, sannan a karanta masa ya ji. Ta karanta masa: mutumin ya faɗi maganganu marasa daɗi game da layin jiran lambu. Ta ce, "Haka ne?" Ya ce, "Haka ne." A ƙasan takardar ta sa abin da ake sawa kullum: an karanta masa, ya amince.

A dokar ƙasar nan babu wani laifi mai zaman kansa da ake kira laifin ƙiyayya. Duka duka ne, kisa kisa ne. Sai dai in an tabbatar cewa an yi wa mutum abu ne saboda launin fatarsa, ko asalinsa, ko addininsa, alƙali zai ƙara nauyin hukunci, kuma dalilin zai shiga takarda. Hanyar zuwa can tana farawa ne daga wani ɗan gurbi a shafin da ɗan sanda ke cikewa ranar farko. Tambaya ce guda: ana zargin ƙiyayya ce dalili? In an sa alama a gurbin, fayil zai je hannun masu binciken da wannan ne aikinsu. Za su karɓi wayar mutum, su duba abin da yake rubutawa, su tambayi maƙwabta tun maganar na da zafi. Daga waɗannan alamomin ne kuma ake ƙirga yawan irin laifin a ƙasa. Ylva ta duba abin da mai shaida guda ɗaya ya ba ta, ta ga rigimar layi. Ta bar gurbin fayau. Ba wanda zai ce ta yi ƙarya.

Kwana tara Tesfalem ya yi bai yi magana ba. Idonsa na hagu ya tafi, tuƙin bas ya tafi tare da shi. Da bakinsa ya buɗe, bai tuna shebur ba, bai tuna motar asibiti ba, amma kalmomin nan ya tuna su tas, ya faɗa wa 'yarsa Saron, ma'aikaciyar jinya a wani garin, ya faɗa wa mai binciken da ya zo. Aka rubuta, aka ƙara a fayil ɗin da ya riga ya kama hanyarsa a matsayin duka mai tsanani. Östen yana zuwa asibiti duk Talata da Juma'a da burodin kirfa a leda. Ba su taɓa zancen ranar ba. Tesfalem ya ɗauka abokinsa ya riga ya faɗi komai. Östen kuma ya ɗauka ai duk mai hankali ya san abin da ake nufi da maganganu marasa daɗi.

Cikin Janairu, dusar ƙanƙara ta kai rabin taga, Saron ta ƙwanƙwasa masa ƙofa. An kammala bincike, lauyar da aka ba babanta ta nuna musu fayil ɗin. Ko rigar sanyinta ba ta cire ba. Ta ajiye takarda ɗaya a kan teburin kicin.

"Kawu Östen, wannan maganarka ce?"

Ya sa tabarau ya karanta. "Tawa ce."

"Abin da ka ji ke nan?"

"Zauna mana, 'yata. Bari in ɗora gahawa."

"Ba na sha. Kawu, kai ka koya mini hawan keke a filin nan. Ina tambayarka, abin da ka ji ke nan?"

"Na ji fiye da haka."

"To, ina yake?"

Ya cire tabarau. Ta ci gaba.

"Lauyan mutumin zai ce Baba kansa ya fashe, ƙwaƙwalwarsa ce ta ƙirƙiro. Zai ce ga mai lafiyayyen kunne, taku tara, bai ji komai ba sai zancen layi. Ka san abin da Baba ya ce da na karanta masa? Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, 'Duba da kyau, akwai shafi na biyu. Fasto ba ya barin aiki rabi.' Na duba, Kawu. Babu shafi na biyu."

"Ban iya faɗin irin waɗannan kalmomin ba, Saron. Ban taɓa ba."

"Baba kuma ya iya jin su? Shekara talatin yana jin su a bas yana cewa 'a sauka lafiya.' Bai damu da shekarun da za a ba mutumin nan ba, wallahi bai damu ba. So yake takarda ta faɗi dalilin da ya sa aka cire masa ido. Shi ke nan abin da yake nema."

Ta tafi ta bar masa takardar.

Washegari da safe Östen ya share hanya zuwa ɗan ɗakin katakonsa na lambu, ya shiga ya rufe ƙofa. Yana tsaye tsakanin manjagara da buhunan taki, numfashinsa na fita kamar hayaƙi, ya buɗe baki ya gwada. Karo na farko murya ba ta fito ba. Karo na biyu ta fito, sai ya fita waje ya yi amai a kan ƙanƙara. Kwana huɗu yana zuwa. A rana ta biyar ya sa rigarsa ta zuwa jana'iza, ya je ofishin 'yan sanda, ya zari lambar layi daga injin bakin ƙofa, ya zauna ya jira har aka kira shi. Ya faɗa. Aka rubuta, aka karanta masa, ya amince. Wata biyar da kwana uku ke nan bayan ranar. Mai gabatar da ƙara ta ƙara zancen dalili a cikin tuhuma. Wayar Ronny kuwa an daɗe da canza ta, maƙwabtansa kuma suka ce ba sa tuna komai.

An yi shari'ar a watan Maris, a wani ɗaki mai kujerun katako masu haske, alƙali ɗaya da mutanen gari uku da ke zama tare da shi. Tesfalem na zaune kusa da lauyarsa, baƙin gilashi a ido. Aka rantsar da Östen, mai gabatar da ƙara ta ce ya faɗi abin da ya ji, yadda ya ji shi.

Ya riƙe bakin tebur da hannu biyu. "Ya ce, 'Kai baƙin biri, wa ya ba ka ƙasarmu?' Ya ce, 'Irinku sai a tarkata ku a mayar da ku daji.' Ya ce, 'Shekara shida ina jira, ga ƙazami yana shuka a wurina.' Sannan ya ɗauki shebur."

Tesfalem ya sunkuyar da kai.

Lauyan Ronny mutum ne mai ladabi, bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya.

"Östen, an ce kai mutum ne mai tsare gaskiya. Haka ne?"

"Ina ƙoƙari."

"Ranar da abin ya faru, bayan minti arba'in, an tambaye ka abin da ka ji. Yaushe mutum ya fi tuna abu, bayan minti arba'in ko bayan wata biyar?"

"Ban manta ba. Faɗa ne ban yi ba."

"An karanta maka abin da aka rubuta?"

"An karanta."

"Ka ce akwai gyara?"

"Ban ce ba."

"Tsakanin bayaninka na farko da na biyu, sau nawa ka ziyarci Tesfalem?"

"Duk Talata da Juma'a."

"'Yarsa ta zo gidanka kafin ka koma wurin 'yan sanda?"

"Ta zo."

"Na gode. Ba ni da sauran tambaya."

Alƙali ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Me ya hana ka faɗa tun farko?" Östen ya so ya yi bayanin famfo da koren sabulu, sai ya ji yadda zancen zai fito daga bakin tsoho ɗan shekara saba'in da ɗaya. Ya ce, "Yarinya ce ta tambaye ni. Na ji kunya."

Bayan mako biyu hukunci ya fito a rubuce, shafi goma sha huɗu. An sami Ronny da laifin duka mai tsanani, an ba shi shekara biyu. Zancen dalili yana shafi na goma sha ɗaya, layi biyar. Kotu ta ce ba ta ganin mai shaida maƙaryaci ne, amma bayaninsa na farko bai ambaci launin fata ba, na biyu kuma ya zo ne bayan ya daɗe yana cuɗanya da iyalin wanda aka raunata, wanda shi kansa rauni a kai ya samu. Don haka ba a tabbatar ba, yadda ba sauran shakka, cewa dalilin ya wuce fushin layin jira. Mai gabatar da ƙara ba ta ɗaukaka ƙara ba. Gurbin nan na shafin farko kuwa ba wanda ya koma kansa. Da aka fitar da ƙididdigar shekarar, jaridar gari ta buga ɗan labari a shafi na shida cewa Tjärnbruk na cikin garuruwan da ba a kai rahoton irin wannan laifi ko ɗaya ba. Wani ɗan majalisar gari ya ce abin alfahari ne.

Ƙarshen Mayu, lokacin sa dankali a ƙasa, Saron ta kawo babanta lambu a mota. Ta tsaya a bakin ƙofa. Tesfalem ya shigo yana takawa a hankali, yana juya kai gaba ɗaya don ya ga gefen hagu. Rumfar leda ta yage tun cikin hunturu. Ya buɗe ɗakin katakonsa, ya ɗauki 'yar tukunyar gahawarsa ta ƙasa mai dogon wuya, sauran kayan ya bar su.

Östen ya tsaya a nasa gefen shingen, hularsa a hannu.

"Farfesa."

"Fasto. Ka rame."

"Na dafa gahawa. Yana cikin fulas."

"Likita ya hana ni. Ka ga, a ƙarshe Allah ya cece ni daga naka."

Suka yi 'yar dariya, ba ta je ko'ina ba.

"Na mayar wa ƙungiya makulli," in ji Tesfalem. "Zan koma wurin Saron. Takarda ta ce rigimar layi ce. To, na bar musu layin."

"Na faɗa, Tesfalem. A gaban kowa na faɗa."

"Na ji ka. Ko kalma ɗaya ba ka rage ba. Na san irin wahalar da ka sha." Ya gyara riƙon tukunyar. "Shekara goma sha bakwai ina jira in ji ka yi zagi. Na ɗauka barkono ne zai sa ka."

"Na makara."

"Ka makara."

Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya ciro wasu takardu a ninke, ya miƙa ta saman shingen. Hukuncin kotu ne.

"Na buɗe fayil ɗina sau uku in sa wannan, hannuna ya ƙi. Duk abin da ke cikin fayil ɗin gaskiya ne, ba zan haɗa su da wannan ba. Kai ka riƙe. Maganarka ce a ciki."

Östen ya karɓa. Tesfalem ya taɓa masa kafaɗa sau ɗaya, ya juya. Saron ta riƙe masa ƙofar mota, ta ɗaga wa Östen hannu daga nesa, ba ta ƙaraso ba.

Lamba ashirin da huɗu ta koma hannun wasu mata da miji da suka yi shekara tara a layi. Mutanen kirki ne, furanni suke shukawa, sun kuma ɗaga shingen ya kai ƙugu saboda karensu. Östen yana gaishe su, suna amsawa. Ba su san komai ba, ba inda za su karanta.

A ɗakin katakonsa, cikin aljihun teburin da yake ajiye irin albasa, hukuncin na nan a cikin leda. A gefen shafi na goma sha ɗaya, daidai layukan nan biyar, ya rubuta da fensirin kafinta, da manyan baƙaƙen da yake rubuta lambar inji da su, duk abin da Ronny ya faɗa, kalma bayan kalma. A ƙasa ya sa kwanan watan Lahadin nan ta Agusta, ya sa sunansa. Ba wanda ya karanta masa.